Doguwar da Na Dasa a Gonar Baba

Shekara uku ke nan da na yi ƙaryar da ta kusa cinye mana gona.

Lokacin ina ɗan shekara goma sha uku, ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, can wajen Dogon Kiriya. Ba a daɗe da sauke tutar Faransa an ɗaga tamu ba. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, kullum sai ya ce yanzu ƙasa tamu ce, kowa ya tashi ya yi aiki. Ni na yarda ƙasa tamu ce. Wajen aikin ne muka saɓa da shi.

Baba mutum ne mai ji da gonarsa. Wani yana ji da raƙumi, wani da babbar riga, shi kuwa da jigawar da ya gada arewa da gari, wadda ita ke cika mana rumbu. In ka bi ta gefenta da bazara ba za ka ga ko tsinken sakace ba, fes take kamar kwanon da na gama da shi. A garinmu duk wanda ya bar sabara da kalgo suka miƙe cikin gonarsa rago ne, kuma a bakin masallaci za a gaya masa. Ga kuma maganar gawo. Gawo in ya girma ya zama na gwamnati. Ko a tsakiyar gonarka yake, in ka sa masa gatari, ɗan gandun daji zai zo bisa raƙumi ya tasa ka gaba har Dogon Dutsi. Saboda haka Baba ba ya barin ko ɗaya ya kai gwiwa. Yakan ce, "A gama da shi tun bai yi ubangida ba."

Amma kututture ba ya mutuwa. Ka sare bana, baɗi ya sake toho. Shi ya sa kowace bazara ake sassabe, a sare tohon, a tara, a cinna wuta.

Ran wata Alhamis, da yake ba a lakwal ranar, Baba ya miƙa min gatari. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana. Ya ce, "Kai yaro, ka kama kusurwar arewa, ni zan kama kudu. Kafin la'asar in ga ƙasa."

Kusurwar arewa ita ce inda duk kututturan duniya suka yi taro. Na sare sabara uku. A na huɗu ƙayar gawo ta shige min tafin hannu. Rana kuwa ta yi zafin da ƙadangare ke ɗaga ƙafa yana hurawa. Na ce bari in ɗan raɓa gindin kalgo in cire ƙayar. Na cire ta, na ɗora kaina bisa ganye don in duba ko ta fita duka.

Da na buɗe ido, inuwa ta yi tsawo, ga Baba tsaye a kaina.

"Kai yaro, mi ka yi tun safe?"

Na dubi sabara ukun nan. Na dubi hannunsa, wanda ya kai faifai faɗi. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, akwai mutum a ciki."

"Wane mutum?"

"Mace. Doguwa. Ta fito daga cikin gawon can da tsakar rana, da farin zane, gashinta na jan ƙasa. Ta ce kada a taɓa mata ɗaki. Daga nan ban san inda nake ba."

Na rufe ido ina jiran mari. Marin bai zo ba. Da na leƙa, sai na ga fuskar Baba ta yi toka. Ya saki gatarinsa nan ƙasa, ya damƙi wuyan hannuna, ya ce, "Kada ka waiwaya." Muka taho gida yana karanta duk abin da ya haddace, yana tofa min a ka. Baba mai salla ne, amma a Arewa ko liman ba ya wasa da maganar doguwa. Kowa ya san in ta taɓa mutum, gefen jikinsa ke shanyewa.

Ban taɓa ganin Baba ya ji tsoro ba sai ranar. Ya kamata tun a hanya in faɗi gaskiya. Amma na tsira daga mari, kuma daɗin haka ya toshe min kunne.

Ƙanwata ce ta kai labarin bakin rijiya. Kafin magariba doguwar ta ƙara kamu huɗu. Washegari a lakwal yara suka kewaye ni, har da manyan da ke ƙwace min ƙuli-ƙuli. Na ƙara mata haƙora. Na ƙara mata ƙafar jaki. Kwana biyu na yi ina sarauta.

A kwana na uku aka fara yi min magani. Aka wanke allo aka ba ni na sha har cikina na ƙara in na yi tafiya. Aka lulluɓe ni da bargo, aka tura min kasko mai hayaƙin wasu saiwoyi masu warin tsohon takalmi. Kowace safiya Inna sai ta mintsini hannuna na hagu ta ce, "Ka ji?" In ce na ji. Ta ƙara mintsina don ta tabbata. Mata a hanya suka daina duban fuskata, ƙafata suke duba ko na fara ja.

Sai wani tsoho, abokin marigayi kakana, ya zo gaishe ni. Ya zauna ya girgiza kai ya ce ai shi bai yi mamaki ba. Daidai kusurwar nan, in ji shi, da can akwai wani ƙaton gawo, kuma wanda ya kayar da shi bai sake ɗaga gatari da hannun dama ba.

Nan take na ji hannuna ya yi nauyi. Na fara tunani: to, in da gaske akwai ta fa? Tana zaune lafiya a ɗakinta, ni na je na yi barci a ƙofarta, na tashi na yi mata ƙarya, har na laƙa mata ƙafar jaki. Daga ranar na daina ba da labari. In ganye ya motsa sai in ce, "Ki yi haƙuri." Akuyarmu ta yi atishawa a bayana, na tsallake turmi biyu.

Wannan duk wasa ne bisa ga abin da ya biyo baya.

Akwai maƙwabcin gonarmu, wani gajere mai yawan murmushi, wanda ya daɗe yana yaba jigawar Baba. Ya zo da hantsi ya yi jaje, ya daɗe yana jaje. Ina bayan zana ina ji. Ya ce, "Malam, kai mai iyali ne, ba ka zauna da wanga abu a gona ba. Ni ina da maganin irinsu, na gada. Mu yi musaya. Ka ɗauki tawa ta hanyar Sukukutane, in ɗauke maka wannan masifa, don zumunci."

Na san gonar tasa. Fako ce, tsakuwa zalla. Ko akuya in ta bi ta wurin sauri take ƙarawa. Na jira in ji Baba ya yi dariya. Sai na ji ya ce, "Hatsi bai fi min yaro ba. Bari Juma'a ta zo, bayan masallaci mu je gaban maigari."

Mu tara ne muke ci daga rumbun nan. Na tsaya bayan zana ina ƙirga mu da yatsu, har da jaririn da bai fara cin tuwo ba, na ga dukanmu zaune bisa tsakuwa saboda ni na ƙi sare sabara.

Na shiga ɗaki na sa wando biyu, na cusa buzun salla a ciki ta baya. Na fito ina tafiya kamar agwagwa, na durƙusa gaban Baba.

"Baba, ƙarya na yi. Ban ga kowa ba. Barci na yi."

Ya dube ni ya daɗe. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya juya wajen Inna ya ce, "Kin ji? Ta fara juya masa harshe."

"Baba, wallahi..."

"Kada ka rantse, yaro. Ba kai ke magana ba. Haka suke yi, su sa mutum ya musa, don a koma a taɓa musu wuri."

Inna ta fashe da kuka. Na ce a doke ni, ga ni na shirya, har na nuna musu buzun. Baba ya ce wannan ma alama ce. Aka kawo bargo da kasko. Ina cikin hayaƙi ina tari ina ihu cewa ni maƙaryaci ne, a tambayi Mushe, a tambayi kowa, ƙanwata kuwa na waje tana gaya wa maƙwabta cewa doguwar ta fara magana da bakina.

Da aka sake ni, Kaka ta kira ni. Ita ce ta haifi Baba, kuma tun ina jariri take kirana mijinta. Tana zaune ƙofar ɗakinta tana ɓarar gujiya.

"Zo nan, mijin banza, wanda bai taɓa saya min ko goro ba. Kishin me zan yi da doguwarka? Ta fi ni kyau?"

"Kaka, babu wata doguwa."

"Na sani."

Na saki baki.

"Ranar da ubanka ya jawo ka gida, shatin ganyen kalgo na nan kwance a kuncinka, har da yawun barci. Wanda ya ga doguwa ba ya dawowa da shatin matashi."

"To ki gaya wa Baba!"

"Kai ka gaya masa, ya ji? Ya tsorata, ba ya jin kowa yanzu. Bar ni da shi. Amma kai za ka biya, ba ni ba."

Ta sa aka kira Baba. Ta ce masa ita ta girme shi a wannan sani. Irin wadda ke cewa kada a taɓa mata ɗaki ba gona take so ba, inuwa take so. A bar mata itatuwanta, a gyara mata su, ta bar mutane su yi nomansu. Kuma wanda ya gan ta shi zai yi gyaran, shi kaɗai, a lokacin da ya gan ta. In yaro ya kai Juma'a da ƙafafunsa, ba musaya. Baba ya yi gardama, ta ce, "Ni na goya ka ko kai ka goya ni?" Dole ya yarda.

Bayan ya fita ta koya min aikin, yadda ta ga mahaifinta na yi tun gonaki na da itatuwa. Kowane kututture, in duba tohon da ya fi miƙewa da ƙarfi, in bar ɗaya ko biyu, in sare sauran. Wanda na bari in share masa ƙananan rassa daga ƙasa har rabi, don ya tafi sama. Abin da na sare kada in ƙone, in baza shi nan ƙasa ya riƙe rairayi.

Na ce, "Kaka, amma tsakaninki da Allah, babu komai a wurin, ko?"

Ta jefa gujiya a baki. "Ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Ka dai yi sallama."

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Ana tashinmu daga lakwal da tsakar rana, a koma bayan azahar. Sauran yara su tafi shan fura, ni in saɓa gatari in nufi arewa. A wannan lokacin ba kowa a daji. Ko tsuntsu ba ya kuka. Ranar farko na yi sallama tun daga nesa, na sake yi a kusa, na ƙara ta uku ko ba ta ji ba. Ina sara ina ba da haƙuri. Wata kurciya ta tashi fir daga cikin sabara, na tsinci kaina a gonar wani, gatari a wata gonar dabam. Rana ta biyu guguwa ta taso daga gabas, ta yi tsaye, doguwa, ta nufo ni kai tsaye. Na kwanta rub da ciki na ce na janye maganar ƙafar jaki. Ta bi ta kaina ta cika min kunne da rairayi ta wuce.

Duk da haka aikin na tafiya. In na waiwaya sai in ga 'yan itatuwa tsaye siri-siri, kowanne da ɗan tukku a ka, kamar yaran da aka yi wa aski.

Ran Alhamis, jajibirin Juma'ar, saura gawon da na ce daga cikinsa ta fito. Na bar shi ƙarshe da gangan. Na durƙusa ina share masa rassa. Sai inuwa ta rufe ni. Ba gajimare a sama. Inuwar doguwa ce, ta wuce ni, ta wuce gawon, ta miƙe bisa rairayi. Na ji numfashi a ƙeyata, mai zafi, mai wari. Sai wani gurnani daga can sama.

Ban waiwaya ba. Wuyana ya ƙi. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne na yi miki ƙarya, amma ga shi ina gyara miki ɗaki. In za ki ɗauka, ki ɗauki hannun hagu, da dama nake rubutu."

Wata murya ta namiji ta ce, "Wa kake cewa ranki ya daɗe?"

Na juya. Leɓen raƙumi ne dab da hancina. A bisansa ga mutum da kaki da farin rawani, da bulala rataye. Ɗan gandun daji. Ga ni da gatari a hannu, ga rassan gawo zube a gabana.

A wannan lokacin da doguwar ta fito da na rungume ta.

"Wa ya sa ka taɓa gawo?"

"Doguwa. A'a, Kaka. A'a, barci na yi."

Ya gurfanar da raƙumin ya sauko. Na fara tunanin ko a gidan kaso na Dogon Dutsi ana ba yara fura. Bai kula ni ba. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana kama su yana girgizawa, yana duba inda na sara. Ya dawo ya tsaya.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kakata."

"Ni ina yawo gona gona, ba abin da nake tararwa sai toka da baƙin kututture. Yau na ga mai gyara, kuma yana kuka." Ya ɗauki gorana ya shanye ruwan. Ya kwanto wani gwangwani daga sirdi, ya bi kowane gawo ya ɗiga masa jan fenti. Sannan ya ce, "Hau."

Haka na shiga gari bisa raƙumin ɗan gandun daji. Ƙanwata ce ta fara hango mu, ta ruga tana ihu an kama ni. Inna ta fito ba ɗankwali. Kafin mu kai ƙofar maigari rabin gari ya taru, ga Baba yana haki, ga gajeren maƙwabcinmu a gaba-gaba.

Ɗan gandun dajin ya tambayi mai gonar. Baba ya matso kamar mai zuwa kabarinsa. Mutumin ya ce ba kama kowa ya zo yi ba. Gawon da ke kusurwar arewa ya sa musu alama. Rassan da aka share na mai gona ne, ya ba dabbobinsa, ya yi makamashi. Amma gindin, duk wanda gonar ke hannunsa shi zai amsa in ya dawo ya tarar babu. Kuma zai dawo.

Maigari ya dubi maƙwabcinmu ya ce, "To, gobe ne musayar taku, ko?"

Murmushin mutumin ya tafi. Ashe niyyarsa ya share wurin tas ya zuba gujiya. Ya sosa wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin da na gada na doguwa ne. Ban gaji na gwamnati ba."

Aka yi dariya har maigari na share hawaye. Gona ta zauna hannunmu.

Baba bai yi murna sosai ba. Yanzu yana da doguwa, yana da gwamnati, ga 'yan bakin masallaci na tambayarsa ko zai fara sayar da itace. Da ruwan farko ya sauka muka yi shuka. Hatsi ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai hadari ya taso da iska ba ruwa, rairayi ya yi ta gudu bisa gona yana yanke tsiron yana binnewa. Sau biyu muka sake shuka a kudu da tsakiya. A kusurwar arewa ba mu sake ko rami ɗaya ba. Rassan da na baza sun riƙe ƙasa, 'yan itatuwan sun tare abin da suka iya. Na ga Baba ya je ya tsaya wurin, daga ɗan nesa, hannu a baya, yana duban tsiron.

Har yau bai yarda ƙarya na yi ba, ko kuwa ya yarda bai ga amfanin faɗa ba. Marin nan dai ban sha shi ba, kuma wani lokaci ina jin kamar yana nan ajiye.

Yanzu ina karatu a Dogon Dutsi, sai hutu nake zuwa gida. Gawon nan sun wuce kaina. Da damina sukan zubar da ganye su bar wa hatsi rana, da rani su yi kore, awakinmu na kiwo a gindinsu. Bara da na je, na bi ta kudancin gonar, wajen da ban taɓa sa gatari ba. Sai na ga kututture bakwai an gyara su, toho ɗaya ɗaya tsaye, an share rassan ƙasa, an baza su bisa rairayi. Gashin jikina ya tashi. Kaka ba ta iya zuwa gona yanzu. Na ruga gida na tambayi Baba wa ya yi.

Ya ce, "Ina zan sani? Wataƙila baƙuwarka ce ke ƙara ɗakuna."

Yana faɗa yana miƙa hannu cikin kwanon tuwo, na ga bayan hannun duk karcen ƙayar gawo. Na gane. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Amma washegari da na koma gonar da tsakar rana, na tsaya daga bakin iyaka, na duba hagu da dama, na yi sallama sau uku kafin in shiga.